Za a iya saka sifirinkila a tsohon bene ba tare da an farfasa shi ba?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai filaza a Kano. Bene ne hawa uku da aka gina a shekarun 1980, ƙasa shagunan atamfa da shadda, tsakiya sito, sama kuma ofisoshi. Yana son ya san ko za a iya saka masa na'urar yayyafin ruwa mai kashe gobara, wadda ake kira sifirinkila, ba tare da an farfasa ginin ba, kuma ko ruwan ba zai lalata wa 'yan haya kaya ba.

Alhaji, za a iya. An yi wa gine-ginen da suka girmi naka nesa ba kusa ba. Birnin New York ya yi doka a 2004 cewa duk benen ofis da tsayinsa ya kai ƙafa 100 sai an saka masa, ko da tsoho ne, aka ba masu gine-gine zuwa 1 ga Yulin 2019 su kammala. Sai dai ina so tun yanzu ka ɗauke idonka daga silin. Bututu da kawunan feshi su ne ɓangaren aikin da ya fi sauƙi. Abin da zai sa tsarin ya yi aiki ko ya zama ado shi ne ruwa, da injin da zai tura shi da ƙarfe biyun dare babu wutar lantarki babu kowa a farke, da kuma mutumin da zai tabbatar ba a rufe bawul ba. A nan kuɗinka zai fi tafiya, kuma a nan akasarin 'yan kwangila ke yin ƙwange.

Bari in fara da tsoron 'yan hayarka, don shi ne zai fara tare maka hanya. Mutane na zaton da zarar hayaƙi ya tashi, ko wani ya kunna turaren wuta, duk ginin zai ɓarke da ruwa. Ba haka abin yake ba. Kowane kan feshi a toshe yake da wata 'yar kwalba siririya, kaurinta milimita 3 ko 5, da ruwa mai launi a ciki. Hayaƙi ba ya taɓa ta. Zafi ne kawai ke kumbura ruwan cikinta har ta fashe, toshiyar ta faɗi, ruwa ya bugi ɗan farantin da ke ƙasa ya bazu. Wanda ke saman wutar shi kaɗai ke buɗewa, na shagon maƙwabci yana nan a toshe. Ƙididdigar da NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ke fitarwa ta nuna cewa a mafi yawan gobarar da tsarin ya yi aiki, kai ɗaya ko biyu ne suka buɗe. Kai ɗaya yana zubar da lita 80 zuwa 100 a minti. Mesar 'yan kwana-kwana guda ɗaya tana zubar da ɗaruruwan lita a minti, kuma ba ta isowa sai wuta ta riga ta ci shago uku. Mai shadda zai yi asarar abin da ya jiƙe, wannan gaskiya ce, a gaya masa ita. Amma wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, lokacin da dubban shaguna suka ƙone cikin dare, ko Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ya san bambancin dila jiƙaƙƙiya da toka.

To, ruwa nawa ake buƙata? Ba girman gini ke yanke wannan ba, abin da aka tara a cikinsa ne. Ƙa'idar da aka fi bi a nan ita ce NFPA 13, wasu kuma suna bin ta Turai, EN 12845. Dukansu sun kasa gine-gine gwargwadon haɗarinsu. Ofisoshinka na sama suna rukunin haɗari mara nauyi, wanda lita 4.1 a minti kan kowane murabba'in mita ta ishe shi. Shagunan ƙasa suna rukuni na biyu na matsakaicin haɗari, suna son kimanin lita 8.1 a minti kan kowane murabba'in mita, kuma ana lissafin ne a kan cewa kawunan da ke cikin murabba'in mita 139 za su iya buɗewa a lokaci guda. Idan ka ninka, ka samu wajen lita 1,130 a minti. Ƙa'idar ta ce a ƙara lita 950 a minti don mesar da za a ja da hannu, kuma ruwan ya kai minti 60 zuwa 90 yana zuba. Ko a ƙaramin lissafi na awa ɗaya, muna maganar lita 125,000.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi baƙin tankin robar da ke saman beninka. In mai lita 5,000 ne, ko minti biyar ba zai yi ba. Kuma ba yawan ruwan kaɗai ba ne matsalarsa, har da ƙarfi. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma ruwa na samun bar ɗaya ne a duk tsayin mita 10. Tankin da ke mita uku sama da silin ɗin hawa na ƙarshe ƙarfinsa bai wuce bar 0.3 ba, alhali mafi ƙanƙantar ƙarfin da aka yarda kan feshi ya yi aiki da shi shi ne bar 0.5, na shagon yadi kuwa yana neman wajen bar 1.5 a kan da ya fi kowanne nisa. Duk ɗan kwangilar da ya ce maka zai jona da tankin sama, ka sallame shi da fatan alheri. Haka wanda ya ce zai jona da rijiyar burtsatse kai tsaye, don abin da samo ke fitarwa a minti bai kama ƙafar wannan lissafin ba. Ruwan famfon gwamnati kuwa, a ƙasashen da bututun titi ke cike dare da rana da shi ake jonawa a huta. Kai ka san sau nawa yake zuwa unguwarku a wata.

Saboda haka tanki na musamman za ka gina, kuma a ƙasa. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, lita 125,000 tan 125 ke nan, babu dekin ɗin 1980 da za a ɗora wa wannan. Tankin kankare na ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita biyu da rabi zai ɗauka, ko kuma na ƙarfe mai falle-falle da ake ɗaurewa da noti a tsakar gida. A filazar da aka cinye ko'ina da shaguna, samun wannan filin shi ne ciwon kai na farko. Wani lokaci sai an haƙa ƙarƙashin wurin ajiye motoci. Wani lokaci kuma abin da ya fi hankali shi ne masu filaza biyu ko uku da ke jere su haɗa kuɗi su gina tanki ɗaya da ɗakin inji ɗaya, tunda lissafin gobara ɗaya ake yi a lokaci guda, ba uku ba. Wannan yana rage kuɗi sosai, amma a rubuta yarjejeniya, a san wa ke sayen mai, wa ke riƙe makulli.

Akwai abin da kullum nake nanatawa game da tankin nan. A garin da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, tanki cike da ruwa ba ya zama lafiya. Za a ja na alwala, za a ja na banɗaki, mai wankin mota zai samu hanya. Hana mutane ba ya aiki. Dabarar ita ce a gina shi ya fi buƙata girma, a fitar da bututun amfanin yau da kullum daga can sama, na gobara kuma daga ƙasa. In ruwa ya sauka ƙasa da bakin na sama, famfon banɗaki zai ƙafe, mutane su yi ƙorafi a cika, kason gobara kuma yana nan ba a taɓa ba.

Sai injin turawa. Yawanci uku ake sakawa. Akwai ɗan ƙarami mai riƙe ƙarfin ruwa a cikin bututu, wanda ke tashi lokaci-lokaci ya cike ɗan abin da ya zurare. Akwai babba mai lantarki, akwai babba mai dizal. Idan kai ya buɗe, ƙarfin ruwa ya faɗi, babban injin zai tashi da kansa. A wurinmu mai dizal ɗin nan ba na ko-ta-kwana ba ne, shi ne ainihin injin, domin ko an kawo wuta, abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne a yanke ta. Kada ka yarda a ce maka janareton gidan zai ɗauki mai lantarkin, sai dai in janareton na tashi da kansa, da layinsa daban wanda bai ratsa cikin shaguna ba. Janareton da sai maigadi ya farka ya nemo makulli bai shiga lissafi ba. Injin dizal ɗin yana da batir biyu da cajarsu da tankin mansa. Na sha shiga ɗakin inji in tarar da wayoyin batir suna lilo, an ɗauke shi an tayar da janareto ko motar wani, an ce za a dawo da shi gobe. A sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe, a kuma tayar da injin duk mako ya yi minti 30 yana aiki, a rubuta a littafi.

Mu dawo cikin ginin. Kafin a huda ko'ina, injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya zo ya duba dekin da bim da fila. Bututun ƙarfe mai inci 4 cike da ruwa yana kai kilo 24 a kowace mita, kuma ƙa'ida ta ce duk inda aka rataye shi ya iya ɗaukar wannan nauyin da ƙarin kilo 114. Tsohon kankaren da ruwan sama ya daɗe yana shiga har rodi ya yi tsatsa ba lalle ya riƙe ƙusar rataya ba. Hudar dekin da injin huda mai zagaye ake yi, bayan an gano inda rodi yake, ba da guduma da kurfi ba. Bim kuwa ba a huda shi sai injiniyan ya sa hannu, gara a zagaye shi. Duk ramin da bututu ya bi tsakanin hawa da hawa a toshe gefensa da abin da ba ya cin wuta, in ba haka ba ka buɗe wa hayaƙi hanyar da da babu ita. Sannan a lura da silin. Gine-ginen wancan zamani da yawa silin ɗin asbestos gare su, ƙurarsa kuma tana jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. Ba a saka masa injin yanka a cikin shago mutane na zaune.

Shawarata a tsohon gini ita ce a bar bututun a fili, a shafa masa jan fenti, a bi da shi ta baranda, a shiga kowane shago ta saman ƙofa. Ya fi araha, ya fi sauƙin dubawa, ba sai an sauke silin ba. A yi amfani da mahaɗai masu ɗaurin noti, a yanka bututun a waje a shigo da shi. Walda a cikin shagon da ke cike da yadi hanya ce ta jawo abin da ake gudu. Bututun roba na fulamba kuwa ba ya cikin maganar sam. Akwai roba ta musamman ruwan lemo da aka amince da ita, amma don gidaje da ofisoshi ne, ba don shago ko sito ba. Abu ɗaya da Allah ya hutar da mu shi ne ƙanƙara. A Turai sai sun yi dabarar barin wasu bututun da iska don kada ruwa ya daskare ya fasa su. Mu namu a cike da ruwa zai zauna, wanda shi ne tsari mafi sauƙi kuma mafi saurin aiki.

Amma muna da namu, wato zafi, kuma a nan ake kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Launin ruwan cikin 'yar kwalbar shi ke nuna zafin da take fashewa: ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja shi ne ya cika kasuwa, shi kowa ke saye. To amma ƙa'ida ta ce ja na wurin da zafin silin ba ya wuce digiri 38 ne. A Kano cikin Afrilu iskar waje ma tana haura 40, balle ƙarƙashin kwano da azahar. Kan da ya shekara yana gasuwa a haka yana iya raunana ya buɗe babu gobara, kuma ranar da hakan ta faru a sito, ka rasa amincewar 'yan haya gaba ɗaya, washegari wani zai rufe bawul. A hawan ƙarshe da ke ƙarƙashin kwano, da ɗakin janareto, da duk inda rana ke dukan gilashi, rawaya ko kore ake sakawa, waɗanda aka yarda da su har zafin silin digiri 66. Ja ya tsaya a hawan ƙasa da ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki. Ka kuma duba jikin kowane kai ka ga tambarin UL ko FM ko LPCB, wato masu gwada ingancin kayan kashe gobara, da takardar inda aka sayo shi, domin jabu sun yi yawa kuma ido ba ya rarrabe su. A bar maka aƙalla shida na canji a akwati, da sifanarsu.

Tsakanin silin da kwano ma wuri ne da ake mantawa. In katako ne ya riƙe rufin, kuma bangon shagunan bai kai har kwano ba, wuta za ta bi ta can sama ta zagaye ginin, kawunan da ke ƙarƙashin silin suna nan ba su ji komai ba. Haka gobarar kasuwanninmu ke tsallaka layi guda cikin 'yan mintoci. Ko dai a saka kawuna a cikin wannan sararin, ko a ɗaga bangon bulo har ya taɓa rufi. In da hali a yi duka biyun.

Sitonka na tsakiya shi ya fi damuna. Lissafin da na yi a sama yana tsayawa ne in tarin kaya bai wuce mita 3.7 ba, kuma ba kayan roba ko katifar soso ba ne. In da su, ko leda da yadin roba jibge har sama, rukunin ya canza, ruwan da ake buƙata ya ƙaru sosai. Kai ɗaya a shago yana kula da abin da bai wuce murabba'in mita 12 ba, kuma dole a bar sarari santimita 45 tsakaninsa da saman kaya don ruwan ya samu bazuwa. Ka san halin 'yan kasuwarmu kusa da Sallah, dila kan dila har sai ta tokare silin. Sannan ga ɗan benen katako da ake kafawa a cikin shago don ƙarin wurin ajiya. Duk abin da faɗinsa ya wuce mita 1.2 yana tare ruwa, sai an saka wani kan a ƙarƙashinsa. Waɗannan ba injiniya ke gyara su ba, takardar haya ce. A rubuta a ciki cewa ba a tara kaya sama da jan layin da aka ja a bango, ba a rataya hanga ko samfurin leshi a jikin kai, ba a shafa masa fenti, ba a ƙara bango ko bene sai an sanar. Kan da fenti ya taɓa ba a kankare shi, canza shi ake yi. Ƙurar hunturu kuma da iska ake hure ta, ba da tsumma ba.

Yadda za a tsara aikin ma yana da muhimmanci, tunda ba za ka rufe filaza wata uku ba. A fara da tanki da inji da babban bututun da ke hawa sama, sannan a bi hawa-hawa, a fara da sito. Duk hawan da aka gama a sake masa ruwa a ranar, kada a ce sai an kammala duka. A watan Mayun 1988 gobara ta tashi a benen bankin First Interstate da ke Los Angeles, mai hawa 62. Ana cikin saka masa sifirinkila ne, aikin ya kai kusan kashi 90, amma ba a sake ruwa a bututun ba ana jiran a gama. Hawa biyar suka ƙone, mutum ɗaya ya rasu. A Fabrairun 1991 kuma, benen One Meridian Plaza a Philadelphia ya kama daga hawa na 22, ya yi wajen awa 19 yana ci, 'yan kwana-kwana uku suka mutu, aka janye sauran daga ciki. Da wutar ta kai hawa na 30, inda wani ɗan haya ya saka tsarin a nasa ɓangaren, kawuna goma ne suka tsayar da ita. Ko hawa ɗaya mai ruwa a ciki yana da amfani, hawa goma busassu ba su da shi.

Kowane hawa da bawul ɗinsa, kuma kowane bawul a ɗaure shi a buɗe da sarƙa da kwaɗo. A alƙaluman NFPA, fiye da rabin lokutan da tsarin ya kasa tashi, dalilin shi ne wani ya rufe ruwan. Yawanci ba mugunta ba ce, ɗigo aka gani aka rufe kafin a kira mai gyara, aka manta. A saka ƙararrawar da ruwa ke juyawa a bangon waje, wadda ba ruwanta da lantarki, yadda maigadi da maƙwabta za su ji. A kuma fitar da baki a bakin titi inda motar 'yan kwana-kwana za ta jona ta tura ruwa cikin bututunka. Kafin a saya, a kai zanen ofishin hukumar kashe gobara ta jiha su gani, su tabbatar bakin ya dace da mesarsu, kada mai shayi ko mai faci ya kafa rumfa a gabansa. Ka sanar da kamfanin inshorarka ma tun aikin yana kan takarda, domin suna iya gindaya ƙa'idar da suke so a bi.

Kada kuma wannan ya sa ka saki sauran. Wayarin ɗin 1980 da aka ɗora wa na'urorin sanyaya ɗaki da inbata da batiran sola yana buƙatar a sake shi, jarkokin fetur su fita daga ƙarƙashin matakala, ƙofar bayan da aka garƙame a buɗe ta. Sifirinkila ba ta hana wuta tashi, tana hana ta girma ne kafin taimako ya zo. In kuɗin bai isa a yi komai a shekara ɗaya ba, gyaran waya da ƙararrawar hayaƙi da tukwanen kashe wuta su riga, tanki ya biyo baya.

Wajen zaɓen ɗan kwangila, ka nemi farashi daga uku, kowanne ya haɗo da zane da lissafin ruwa wanda ke nuna lita nawa da ƙarfi nawa za su isa kan da ya fi nisa. Wanda ya kawo maka farashi ta hanyar ƙirga kawuna kawai bai yi lissafi ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ranar gwaji, kuma ka halarta da kanka. Za a matsa ruwa a bututun zuwa bar 13.8, a bar shi awa biyu, allurar geji kada ta sauka. Daga nan a hau hawan ƙarshe, a sa a yanke wutar ginin gaba ɗaya, a buɗe bawul ɗin gwaji da ke can ƙurya. Injin dizal ya tashi ba wanda ya taɓa shi, ƙararrawar waje ta kaɗa, ruwa ya fito da ƙarfin da aka rubuta a takarda. In ɗaya daga cikin ukun nan bai faru ba, a gyara a sake gwadawa kafin ka sa hannu a biya sauran.